Miji, Uba, Kaka: Abin da Shekara 100 na Jimmy Carter Ke Koya Mana



Duk wanda ya taso a ikilisiya ya san takardar nan da ake rabawa a ƙofar majami'a ranar jana'izar dattijo. Hoton marigayi a gaba cikin babbar riga, ƙarƙashinsa ranar haihuwa da ranar rasuwa, sai kalmomin da kusan kullum ba sa canzawa: ƙaunataccen miji, uba da kaka. Mu matasa mu ne masu jera kujeru da kafa rumfa, mu ne masu raba ruwan leda, mu ne masu riƙe waƙa har a sauke akwati. Mun karanta kalmomin nan sau da yawa har sun daina yi mana nauyi. Muna ganin kamar duk wanda ya yi furfura za a rubuta masa su, ko ya cancanta ko bai cancanta ba.

Gaskiya ne, mai buga takarda yana rubuta wa kowa. Amma idan ka dubi fuskar gwauruwar da ke zaune a layin gaba, ka saurari muryar ɗan da ya tashi karanta tarihin mahaifinsa, za ka gane inda kalmomin suka dace da kuma inda kara kawai aka yi wa mamaci. Ra'ayina shi ne, kalmomin nan uku sun fi duk wani muƙami da ke cikin takardar nauyi, kuma a shekarunmu na yanzu ake fara rubuta su. Zan kafa hujja da rayuwar wani dattijo da duniya ta sani, wanda aikinsa ya taɓa ƙauyukanmu.

Jimmy Carter, shugaban Amurka na 39, ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100. An haife shi ranar 1 ga Oktoba 1924 a Plains, wani ɗan ƙaramin gari na manoman gyaɗa a jihar Jojiya, wanda mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. A garin ya rasu, a cikin gidan da shi da matarsa Rosalynn suka gina a 1961. Sun yi shekara 77 da aure kafin ta riga shi tafiya a Nuwamba 2023. Ya bar 'ya'ya huɗu, jikoki 11 da tattaɓa-kunne 14.

Ranar 9 ga Janairu 2025 aka yi masa sujadar bankwana a babbar majami'ar birnin Washington. Shugabannin Amurka biyar da ke raye duk suna zaune a gaba. Da jikansa Jason ya tashi magana, bai tsaya kan manyan muƙamai kaɗai ba. Ya ba da labarin gidan kakanninsa: bangon da ya cika da hotunan jikoki, tsohuwar wayar tarho mai igiya da ke maƙale a bangon kicin, da wurin da suke shanya ledojin ajiye abinci bayan sun wanke su don a sake amfani da su. Ya kuma shaida cewa bai taɓa ganin bambanci tsakanin kakansa na cikin gida da kakansa na bainar jama'a ba. Wannan shaida ce da sai na cikin gida zai iya bayarwa. Jarida tana iya yabon mutum, jam'iyya tana iya yi masa kirari, amma jikan da ya ci tuwo a gidanka ya san ko kai wane ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda labarin ya soma. A 1953 Carter yana da shekara 28, hafsa ne a rundunar sojan ruwa, yana aiki a sashen jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, kuma hanyar ɗaukaka a buɗe take a gabansa. Sai aka kira shi gida, mahaifinsa yana kwance da ciwon daji. A kwanakin jinyar da na makoki ya ga yadda mutane ke ta shigowa, farare da baƙaƙe, kowa da labarin alherin da tsohon ya yi masa a ɓoye. Mahaifin ya rasu yana da shekara 58. Ɗan ya auna rayuwarsa da ta mahaifinsa, ya tambayi kansa ko wa zai damu idan shi ne ya mutu. Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ya ajiye aikin soja, ya koma garinsu ya kama harkar gyaɗa, har ya zauna da iyalinsa na ɗan lokaci a gidajen da gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi.

Ku lura da shekarunsa a lokacin, 28. Da yana cikinmu, da ɗan zumuntar matasa ne, wataƙila ma shi ne sakatare. Jana'izar uba ce ta juya shi. Littafin Mai Hadishi sura 7 ya fifita zuwa gidan makoki a kan zuwa gidan biki, domin a can ne mai rai yake tuna ƙarshensa. Mu kuwa sau nawa muke fita daga jana'iza da wata tambaya a zuciya? Yawancinmu da an rufe kabari, sai maganar shinkafa da wanda zai mayar da kujeru.

Kada ku ɗauka daga ranar ya zama miji nagari. A nan ma labarin yake da amfani gare mu. Shawarar barin soja, shi kaɗai ya yanke ta, bai tuntuɓi matarsa ba. Rosalynn tana jin daɗin rayuwar da suke yi nesa da ƙauye, ba ta son komawa. Ta yi fushi sosai, har a doguwar tafiyar da suka yi a mota zuwa gida da ƙyar take yi masa magana. A 1962 ya maimaita. Wata safiya ta gan shi yana sa kwat maimakon kayan aiki, ta tambaye shi ko jana'iza za shi. Ashe ya yanke shawarar tsayawa takarar majalisar dattawan jiha, kuma bai ga dalilin gaya mata ba. Shi da kansa ya ba da waɗannan labarai daga baya, yana mamakin yadda ya iya yin haka.

Samari, wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. Da yawa mun taso muna ganin maigida ya sayar da gona, ko ya ci bashi, ko ya karɓi canjin wurin aiki, uwargida sai dai ta ji a bakin maƙwabta. Muna kiran wannan shugabanci. Carter ya gane kuskure ne, ya gyara. Rosalynn ta fara riƙe littafin lissafi na kasuwancin gyaɗarsu har ta fi shi sanin inda riba take, ya koyi jin shawararta. Da ya zama shugaban ƙasa, takan zauna ta saurari taron ministoci, ya kuma aike ta ƙasashen Kudancin Amurka a madadinsa a 1977. Sun ɗauki al'adu biyu da suka riƙe har tsufa: karanta Littafi Mai Tsarki tare kowane dare, da ƙoƙarin kada su kwanta barci da fushin juna. Ko da haka saɓani bai ƙare ba. Sun faɗa da bakinsu cewa littafin da suka rubuta tare a shekarun 1980 ya kusa raba su, saboda kowa yana ganin nasa tunin ne daidai. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Abin da ya riƙe auren shekara 77 shi ne miji da ya yarda a gyara masa, da mata da ba ta gaji da faɗa masa gaskiya ba.

A Nuwamba 2023, lokacin da aka yi sujadar tunawa da Rosalynn a birnin Atlanta, Carter yana da shekara 99, ya kuma yi wata tara yana jinyar ƙarshe a gida. Ba wanda zai zarge shi da bai je ba. Amma aka turo shi a keken marasa lafiya, an lulluɓe ƙafafunsa da bargo, ya zauna a gaba har aka gama. Yarinyar da ya aura tana da shekara 18, shi yana da 21, bai bari an yi mata bankwana ba ya nan. Duk wanda ya ga hoton ranar ya ga ma'anar alkawarin da ake ɗauka a gaban bagade.

Yanzu bari mu dubi abin da ya yi da faɗuwa, domin a nan ne 'ya'ya da jikoki suke koyon hali. A zaɓen 1980 ya sha kaye mai muni, abokin takararsa Ronald Reagan ya cinye jihohi 44 cikin 50. Tsadar kaya ta addabi mutane, ga Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Iran har kwana 444. Ya bar mulki a Janairu 1981 yana da shekara 56, ya koma Plains ya tarar kasuwancinsa na gyaɗa yana cikin bashin da ya haura dala miliyan ɗaya. Mutane da yawa a irin wannan hali sukan zama masu ɗaci, su huce a kan iyali, su ƙare kwanakinsu suna ba da labarin yadda aka ci amanarsu. Shi kuwa ya koma ƙaramar majami'ar Baptis ta Maranatha da ke garinsu, ya ci gaba da koyar da makarantar Lahadi, aikin da ya fara tun yana saurayi a makarantar sojan ruwa. Yana cikin masu yanke ciyawar harabar majami'a idan layi ya zo kansa. Da hannunsa ya sassaƙa gicciyen katako da ke cikin majami'ar da kwanukan karɓar baiko. Ya koyar har ya kai shekara 95.

Wata Lahadi a Disamba 2015 ya iso aji a makare. Ya ba jama'a haƙuri, sannan ya gaya musu cewa jikansa mai shekara 28 ya rasu sa'o'i kaɗan da suka wuce. Bayan haka ya koyar da darasin ranar. A shekarar ce kuma likitoci suka gano masa ciwon daji da ya kai hanta da ƙwaƙwalwa. Tsawon rai yana zuwa da irin wannan kaya. Wanda ya daɗe zai binne ƙannensa, kamar yadda Carter ya binne nasa duka uku, wani lokaci har jika. Idan muna roƙa wa iyayenmu tsawon rai, mu roƙa musu har da ƙarfin ɗaukar abin da ke tafe da shi.

Ga inda labarinsa ya haɗu da namu. A 1978 ya zo Legas lokacin mulkin Janar Obasanjo, amma ba wannan ziyara ce ta sa ƙauyukanmu suka san shi ba. Kurkunu ne. Ku tambayi kakanninku, za su gaya muku. Mutum ya sha ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fara fitowa, galibi ta ƙafa, da zafi kamar wuta. Ba magani, ba rigakafi. Sai dai a riƙa naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Takan kwantar da manomi daidai lokacin aikin gona, ta hana yaro zuwa makaranta. Cibiyar Carter, wadda shi da matarsa suka kafa a 1982, ta ɗauki yaƙi da cutar a 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. Binciken farko da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano fiye da mutum 650,000, adadin da ya sa ƙasarmu cikin waɗanda cutar ta fi addaba a duniya.

Yadda aka ci nasara abin koyi ne. Ba wata babbar na'ura aka kawo ba. An koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, an hana mai kurkunu tsoma ƙafa a tafkin da ake sha, an haƙa rijiyoyi, an sa 'yan sa-kai a kowane ƙauye suna ƙirga masu ciwo. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana bin ƙauyuka yana roƙon gwamnoni su samar da ruwa mai tsabta. A 1995 Carter ya shawo kan masu yaƙi a Sudan suka tsagaita wuta na watanni don ma'aikatan lafiya su shiga. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Ghana ta biyo baya a 2015. A 2023 mutum 14 kacal aka samu da cutar a duk duniya, mafi yawansu a Cadi. Yawancinmu ba mu taɓa ganin mai kurkunu da idonmu ba, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne wani tsoho da ya faɗi zaɓe bai zauna yana cizon yatsa ba.

A 2015 ya faɗi burinsa cewa yana so kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu ba. Ya yi shekara 100, aikin bai ƙare ba. Wannan ya kamata ya sanyaya mana jiki, mu da muke cewa sai mun gama makaranta, sai mun samu aiki, sai mun yi aure, sannan za mu fara yi wa Allah da mutane hidima. Idan shekara 100 ba su ishi mai himma ba, nawa ne za su ishi mai jinkiri?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce Carter Ba'amurke ne, yana da likitoci da kuɗin fansho, mu kuwa a ƙasarmu matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba. Iyayenmu da yawa sun tafi da wuri saboda hawan jini da ba a auna ba, ko hatsarin mota, ko harin dare a ƙauye. Wasu a cikinmu ba su san fuskar kakansu ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma tana da zafi. Shi ya sa ban ce tsawon rai shaidar adalci ba ne. Zabura 90 ta ƙiyasta kwanakin mutum a shekara 70, ko 80 ga mai ƙarfi, amma roƙon da ke cikinta na hikimar ƙirga kwanaki ne. A Farawa sura 5, Metusela ya yi shekara 969, abin da aka rubuta a kansa bai wuce ya haifi 'ya'ya ya mutu ba. A 2 Tarihi sura 21, sarki Yehoram ya kashe 'yan'uwansa, ya yi mulki shekara 8, ya mutu ba wanda ya yi baƙin cikin rashinsa. A sura 35 kuwa, sarki Yosiya ya mutu bai cika 40 ba, dukan ƙasa ta yi makokinsa. Ubangijinmu kansa bai yi furfura ba. Mahaifin Carter ma 58 ya yi, amma shekarun nan sun isa su juya rayuwar ɗansa. Yawan shekaru na hannun Allah. Abin da aka zuba a cikinsu, wannan an bar mana.

Wani kuma zai ce ai ɗan siyasa ne, yana da kurakurai. Haka ne. Har yau ana gardama kan mulkinsa, kuma Kiristoci da dama ba su yarda da wasu ra'ayoyinsa ba. Ban kawo shi a matsayin waliyyi ba. Na kawo shi ne domin matarsa ta zauna da shi shekara 77, 'ya'yansa suna kusa da shi har ƙarshe, jikokinsa kuma sun tsaya a gaban duniya sun ce mutumin da kuka gani a waje shi ne wanda muka sani a gida. Manzo Bulus, a 1 Timoti sura 3, ya sa riƙon gida cikin sharuɗɗan shugabancin ikilisiya saboda wannan dalili. A gida ne ba a iya yin wasan kwaikwayo na dogon lokaci.

To, me za mu yi da wannan, mu da ba mu yi aure ba tukuna, ko muke da jariri ɗaya a hannu?

Ɗan'uwa, mijin da za ka zama yana nan cikin yadda kake yi wa ƙanwarka magana yau, da yadda kake amsa wa budurwarka idan ta ce ba ta yarda da shawararka ba. Idan ba ka iya cewa "na yi kuskure" a shekara 25, zai fi maka wuya a 60. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yar'uwa, idan ana neman aurenki, kada ki tsaya kan yadda yake addu'a da ƙarfi a taron matasa. Dubi yadda yake da mahaifiyarsa, yadda yake biyan bashi, da abin da yake yi idan an kayar da shi a zaɓen shugabannin zumunta. Wanda ya daina zuwa sujada don bai samu muƙami ba ya riga ya nuna miki yadda zai yi ranar da rayuwa ta kayar da shi. Kuma ke ma, kakar da za a tuna da ita wata rana, yau kike ginin ta.

Sa'an nan mu riƙe ƙaramin aiki da aminci. Ajin yara na makarantar Lahadi da kowa ke gudu, sharar majami'a ranar Asabar, kai wa gwauruwa ruwa. Luka sura 16 ta haɗa aminci cikin ƙaramin abu da aminci cikin babba. Mutumin da ya yi mulkin Amurka bai ga yanke ciyawar majami'a ya rage masa daraja ba, balle mu.

Abu na ƙarshe, kada mu jira takardar jana'iza kafin mu san dattawanmu. A kowace ikilisiya akwai Baba da Mama da suka yi shekara 40 ko 50 da aure, suna zaune a kujerar da suka saba kowace Lahadi, muna gaishe su a tsaye mu wuce. Sun ga yunwa, sun ga rikici, sun binne 'ya'ya, ba su rabu ba, ba su kuma bar bangaskiya ba. Babu jaridar da za ta buga labarinsu. A wannan mako, ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, ko kakanka ne ko na wani, ka je gidansa ka zauna. Ka ce, "Baba, yaya kuka yi ku da Mama har kuka kawo yau? Wane kuskure ne ba ku so in maimaita?" Ka kashe wayarka, ko ka yi amfani da ita ka ɗauki muryarsa idan ya yarda. Ka gode masa yana ji. Furen da ake ɗorawa a kan akwati, mai shi ba ya ganinsa.

Wata rana wasu matasa da ba a haifa ba tukuna za su jera kujeru dominmu, su raba takarda mai hotonmu. Ko shekarunmu 40 ne ko 100, wani zai tashi ya karanta kalmomin nan, iyalinmu kuma suna zaune a gaba suna ji.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin iyaye da kakannin da ka ba mu, waɗanda suka riga mu zuwa wurinka da waɗanda suke tare da mu. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu a cikinmu. Ka ba mu tawali'u mu karɓi gyara tun muna matasa, ka sa mu zama masu aminci a cikin gida kamar yadda muke so a gan mu a waje. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.